Mika a ƙarƙashin taranzisto: a cire ko a bari?

Tambaya: Malam Injiniya, ina koyon gyara a Yamai. An kawo mana injin juya wutar sola, na canza taranzisto, suka sake ƙonewa nan take. Maigidana ya ce in riƙa cire ɗan siririn ɓawon nan mai ƙyalli, mika, wai shi ke tare zafi. Kuma na ji an ce yara ƙanana ke haƙo shi. Ina tsoro, me zan yi?

Amsa: Ƙanena, tsoronka yana kan hanya. Ka gaida maigidanka, amma kada ka cire.

Wannan magana ta "mika na tare zafi" ta ishe ni. Kusan kullum sai an ajiye mini na'ura a tebur, in kwance, in tarar da taranzisto, ɗan abin nan mai ƙafa uku da ke sarrafa wuta, zaune tsirara a kan farantin aluminiyum mai kwashe masa zafi. Ai ka san ƙarfen bayan yawancinsu haɗe yake da ƙafar tsakiya, wuta na cikinsa. Ka ɗaure biyu a faranti ɗaya babu mika, ka haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba: tartsatsi, hayaƙi, kuɗin mai kaya ya tafi. In farantin ya taɓa gangar jikin injin kuwa, matar gida ce ko yaro zai kai hannu wuta ta ja shi. Zafi yana ratsa mika domin siririya ce, wuta ce ba ta ratsawa. Dalilin sa ta ke nan. Farar mika tana jure zafi har wajen digiri 500, shi ya sa kake ganinta cikin dutsen guga.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu "dabara". Na ga leda, na ga kwalin sigari, na ga salatif. Kwali! A zafin Afrilu na Yamai! Kwana nawa zai yi?

Ga yadda za ka yi. Ɗaga mikar ka duba ta a hasken rana. In ta tsage ko ta yi farin tabo, yar da ita. Shafa farin man nan mai taimaka wa zafi wucewa kaɗan a fuskokin mikar biyu, kamar shafin kwalli, kada ka lafta. Kada ka manta ɗan zoben roba na ƙusar da ke ɗaure taranzisto, don ƙusar kanta tana kai wuta. Kafin ka kunna, sa mitar gwajin wuta tsakanin bayan taranzisto da faranti. In ta yi ƙara, sun haɗu ke nan, kwance ka sake. Ina kyautata zaton nan naka suka mutu.

Batun yara gaskiya ne. A Indiya, jihohin Jarkand da Bihar, ana haƙa a ramuka marasa izini. A kudancin Madagaska, binciken ƙungiyar Terre des Hommes na 2019 ya ƙiyasta yara wajen 10,000 a wannan aiki, kuma akasarin kayan Sin ake kaiwa. A 2017 aka kafa ƙungiyar Responsible Mica Initiative don kamfanoni su bi sawun inda tasu ta fito. Wadda kake saye a ƙulle cikin leda ba ta da takardar asali, mai shago ma bai sani ba. Abin da ke hannunka: ciro mika mai kyau daga matattun na'urori na kasuwar Katako ta Yamai, ko ka nemi shimfiɗar silikon mai launin toka, tana yin aikin.