Game da tattakin Najaf zuwa Karbala

Ɗan'uwa ka tambaya wai kana son zuwa tattakin Arba'in (na tunawa da cikar kwana arba'in da shahadar Imam Husaini) daga Najaf zuwa Karbala a Iraƙi, me za ka ɗauka kuma ko ƙafarka za ta iya. In sha Allahu za ta iya, tafiyar kusan kilomita 80 ce, yawanci kwana 2 zuwa 3 ake yi, akwai fala-falai masu lamba a hanya har 1452, da su za ka riƙa gane inda kake, da su kuma za ku yi alƙawari da abokan tafiya in kun ɓace wa juna, don wallahi sai an rabu, cunkoson ba wasa ba ne kuma netwok yakan ɗauke.

Abinci kam kar ma ka wahalar da kanka, maukibai, wato rumfunan masu yi wa 'yan tattaki hidima, suna nan jere a bakin hanya, shayi, shinkafa, dabino, ruwan sanyi, wurin kwana, duk kyauta. Jaka ƙarama ta isa.

Takalmi shi ne maganar. Ni sabo fil na saka, kafin fal na 300 ƙafata duk ta yi bororo, da silifas na ƙarasa. Ka fara tafiya da naka tun wata biyu kafin 20 ga Safar, ranar Arba'in. Ka riƙe filasta, man shafawa, pawa bank da fasfonka a jikinka.

Shekarun nan a tsakiyar zafin Iraƙi tattakin yake faɗowa, sai ka yi tafiyar dare da asuba, da rana ka nemi inuwa ka kwanta.