Tambayi Likita: Gishiri da Ruwan Khal Suna Kashe Ƙwan Tsutsa a Jikin Latas?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. A gidanmu ba a cin shinkafa babu salak, maigida yana son sa ƙwarai. Kullum sai na jiƙa latas da kabeji a ruwan gishiri, na ɗiga ruwan khal, sannan na yanka. Duk da haka watan jiya autana mai shekara biyar ya yi kashin macijin ciki. Maƙwabciyata ta ce in koma sayen yankakken da ake ƙullewa a roba a manyan kantuna, wai shi wankakke ne. Haka ne?
Daga wata uwa a Kano

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa yaro lafiya.

Macijin cikin da kika gani ba na salak ɗin makon jiya ba ne. Daga ranar da mutum ya haɗiye ƙwan zuwa ranar da tsutsar za ta girma, ana ɗaukar wata biyu zuwa uku. Kuma yaro mai shekara biyar yana iya kwaso shi a wasan ƙasa, ya kai hannu baki. Amma zarginki ga ɗanyen ganye yana kan hanya.

Macen wannan tsutsa kan zuba ƙwai har 200,000 a yini ɗaya, su fita cikin bayan gida. Ƙwan yana da ɓawo mai kauri, ga danƙo, yana kuma zama cikin ƙasa mai laima wata da watanni, har shekaru, bai mutu ba. Yanzu ki duba inda ganyenmu ke fitowa. A nan Kano, lambuna da yawa a bakin Jakara da ruwan kwatar birni ake yi musu ban ruwa, musamman da rani. Ba na ganin laifin manomin, ruwan da ya samu ke nan. Sai dai tun 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan da za a shayar da ganyen da ake ci ɗanye kada ya wuce ƙwan tsutsa ɗaya a lita guda, ruwan kwata kuwa ba a tace shi ba. Latas a ƙasa yake kwance, ganyensa lanƙwasa-lanƙwasa, duk abin da ya shiga sai ya maƙale. In ya iso kasuwa, ki lura da bokitin mai tebur: da ruwan nan ɗaya yake yayyafa wa latas daga hantsi har magariba don kada ya yi yaushi, a ciki kuma yake ɗauraye karas mai ƙasa.

Gishiri da ruwan khal suna rage wasu ƙwayoyin cuta, amma ba sa kashe ƙwan tsutsa, ba kuma za a dogara da su kan ƙwayar amiba mai jawo atuni ba. Abin da ke aiki shi ne a cire su da hannu. Ki zubar da ganyen waje, ki ɓalle sauran ɗaya bayan ɗaya tun kafin ki yanka, ki murza kowanne ciki da baya a ƙarƙashin ruwa mai zuba. In babu famfo, wani ya riƙa zuba miki da buta. Jiƙawa a kwano ɗaya, dattin da ya fita ne zai koma. Karas da kokwamba a fere su. Hannu, wuƙa da katakon yanka a wanke da sabulu tukuna.

Batun na roba kuwa, kyan ƙunshi ba shaida ba ce. A Amurka, inda ake wanke ganye a masana'anta da ruwa mai kulorin, ƙwayar Cyclospora mai jawo gudawa ta kama mutum fiye da 500 a 2018 ta hanyar haɗaɗɗen salak, sannan kimanin 700 a 2020 ta na cikin leda. Kulorin ba ya kashe ta. Ni na fi son ki sayi latas ɗinki ɗungurungum ki wanke da kanki, domin yankakke ba ya wankuwa da kyau.

Ko wankin ma ragewa yake, wuta ce kaɗai ke gamawa da su. Shi ya sa mai juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki, na fi so a ba su kabeji da karas da aka turara, ko kwaɗon dafaffen zogale. Ga mai ciki akwai ƙarin haɗarin ƙwayar cutar Toxoplasma, wadda ke fitowa daga kashin kyanwa, tana kuma iya taɓa ɗan da ke ciki.

Ki kai yaron asibiti a ba shi maganin tsutsa irin su albendazole, a duba yayyensa ma. Duk wanda gudawa ta wuce masa mako ɗaya, ko ya ga jini da majina a bayan gida, a yi masa awon bayan gida kafin ya sha wani magani. Flagyl da muke saurin saye a kemis yana yi wa amiba, amma ba ya taɓa macijin ciki, ba ya kuma taɓa Cyclospora.