Amsa: Kwamfutar cinya da kwaikwayon tsirowar bututun kabon a filasma

Ƙanina, sannu da ƙoƙari. Ka tambaya ko kwamfutarka ta cinya za ta iya kwaikwayon yadda ƙananan bututun kabon (masu sirantakar da ido ba ya iya gani) ke tsirowa a cikin filasma, wato iskar gas da aka caja da lantarki, don aikinka na kammala digiri a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi. Za ta iya, amma sai ka rage buri.

Ga inda gizo ke saƙar. Manhaja irin LAMMPS, wadda kyauta ake saukewa, tana bin motsin kowane atom ne a mataki na kusan femtosakan 1, wato kashi 1 cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa. Mataki miliyan guda nanosakan 1 kacal zai ba ka, alhali a ɗakin gwaji tsirowar kan ɗauki mintuna. Shi ya sa masana kan raba aikin gida biyu: lissafin iskar kanta, yadda gas mai ɗauke da kabon, irin mitan ko asitilin, ke farfashewa a filasma, da kuma lissafin saman ƙwayar ƙarfen nikel inda kabon ke taruwa ya fito a bututu.

Da ni ne kai, na biyun zan kama. Ɗauki 'yan ɗaruruwan atom na nikel, ka riƙa jefa musu kabon, ka ga yadda zobba masu kusurwa 6 ke haɗuwa. Daga baya ka ƙara haidurojin, don shi ke kankare kabon da bai jeru ba. Batun yadda filin lantarki ke miƙar da bututun tsaye kuwa, bar shi sai digiri na biyu.

Kuma ka saita manhajar ta riƙa ajiye aiki akai-akai. Ɗaukewar wuta ta taɓa cinye min lissafin kwana 3 a unguwar Yalwa da ke Bauchi.