Littafin hotuna da aikin hannu a makon Sallah: yadda malamar firamare za ta haɗa su

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar firamare ta gwamnati, ina riƙe da 'yan aji biyu, kuma yaran da ke gabana sun haura 70. Duk lokacin da Sallah ta matso, hankalinsu yakan bar karatu ya koma kan ɗinki da lalle da kallon hawa. Na ji cewa a wasu ƙasashe malamai kan karanta wa yara littafin hotuna da ya shafi bikin da ake ciki, sannan su yi aikin hannu a kansa. Shin hakan zai yiwu a wurinmu, alhali ba mu da irin waɗannan littattafai, ba mu kuma da kuɗin sayen kayan aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Hakan zai yiwu, kuma wannan ɗokin Sallah da kike ganin yana ɗauke hankalin yaran shi ne babban jarinki, domin yaro ya fi saurin karanta kalmar da ya kwana yana jin ta a gida. Sharaɗi ɗaya nake so ki riƙe: duk abin da yaran za su ƙera da hannunsu ya fito daga cikin labarin da kika karanta musu, ya kuma mayar da su ga magana da rubutu. Na sha shiga aji na tarar an cika bango da kayan ado masu kyau, amma da na tambayi yaro labarin abin da ya yi sai ya yi shiru, saboda an ba shi aikin ne kawai don ya zauna wuri ɗaya.

Game da rashin littafi, akwai shafukan intanet irin su African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya, waɗanda ke da labaran hotuna na Hausa kyauta, ana iya saukewa a waya ko a buga. Sai dai a aji mai yawan naki, ƙaramin littafi ba ya isa ga 'yan baya, don haka na fi ba ki shawarar ki yi babban littafi da kanki. Ki samu bayan tsofaffin kalandu ko kwalaye masu faɗi guda 8, ki huda gefensu ki ɗinke da zare mai ƙwari. A kowane shafi ki yi zane ɗaya babba, ki rubuta jumla ɗaya da manyan baƙaƙe a ƙarƙashinsa. Labarin ya zama mai sauƙi kuma mai maimaici, misali na yaron da ragon gidansu ya tsinke igiya ana jajibirin Sallah, yana bi gida gida yana tambaya, kowa na ba shi amsa iri ɗaya har ya same shi. Maimaicin nan yana da amfani ƙwarai, domin kafin ki kai shafi na huɗu yaran za su fara karantawa tare da ke, har da waɗanda ba su gama sanin baƙaƙe ba.

Kada ki fara karatu kai tsaye. Ki ɗaga bangon littafin ki tambaye su abin da suka gani da abin da suke tsammanin zai faru, sannan ki karanta a hankali kina bin kalmomin da yatsa. A rana ta biyu ki ciro kalmomi biyar ko shida ki rarraba su gaɓa gaɓa a allo, kamar ra-go, do-ki, lal-le, su riƙa tafi a kan kowace gaɓa. Lokacin Sallah yana da wata baiwa ga mai koyar da Hausa, domin kalmominsa cike suke da baƙaƙe masu lanƙwasa waɗanda yara ke yawan rikitawa, kamar ƙaho da ɗinki da ɓawon goro, kuma wannan dama ce ta nuna musu bambancin k da ƙ, da na d da ɗ.

Aikin hannu sai a rana ta uku. Idan babbar Sallah ce, wadda ke faɗowa 10 ga Zulhajji, rago shi ne ya fi dacewa. Kowane yaro ya yanko siffarsa a kwali, ya manna masa auduga a jiki, ya yi masa ƙafafu da tsinken kara. Ba sai kin sayi gam ba, domin sitacin rogo ko garin fulawa da aka dama a kan wuta yana riƙe takarda da auduga sosai, sai dai a yi shi a ranar da za a yi amfani da shi, saboda yana tsami idan ya kwana. A bayan kwalin yaro ya rubuta sunansa da kalma ɗaya daga labarin, sannan su fito rukuni rukuni su sake ba da labarin da ragunansu a hannu. Wannan sake ba da labarin shi ne ainihin darasin, kuma da shi za ki gane wanda ya fahimci abin da ya fara faruwa da abin da ya biyo baya.

Idan ƙaramar Sallah ce, ta 1 ga Shawwal, jinjirin wata ya fi rago amfani, kuma yana buɗe ƙofar lissafi. Ki sa su yanka siffofin wata daga jinjiri zuwa cikarsa, su jera su a zare, su ƙirga kwanakin azumi 29 ko 30. Yara masu wayo za su tambaye ki dalilin da ya sa Sallah ke zuwa wani lokaci da zafi wani lokaci da damina, sai ki bayyana musu cewa shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, shi ya sa Sallah take zuwa da wuri da kimanin kwana 11 a kowace shekara.

Hawan Sallah kuwa ya cancanci darasi nasa na daban, musamman idan garinku na da sarki mai hawa. A watan Disamba na 2024 hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, kuma yaranmu da yawa sun kalli hawan Daushe ko hawan Nassarawa ba tare da sun san sunan kayan da ke jikin dokin ba. Su haɗa doki da kara, kamar yadda suke haɗa motar kara a unguwa, su yi masa sirdi da jalala da ƙyallaye, su maƙala wa kowane sashe 'yar takarda mai sunansa: linzami, likkafa, sirdi. Ƙyallayen ba za su yi miki wuya ba, domin a makonnin ɗinkin Sallah teloli na share su ne su zubar, kuma idan kin roƙa za su tara miki buhu guda. Yankan kara ki yi shi da kanki tun a gida, kada reza ta shiga hannun yaro, kuma almakashi ɗaya ya ishi rukunin yara 10 idan kin naɗa musu shugaba.

Akwai abubuwan da nake roƙon ki kula da su, domin sun fi kayan aikin muhimmanci. A cikin yaran nan akwai marayu, akwai wanda ba a yi masa ɗinki ba, akwai wanda ba za a yi layya a gidansu ba. Kada ki tambayi aji wa aka saya wa rago ko kaya kala nawa aka ɗinka wa kowa. Ki karkata tambayoyinki ga abin da kowa ke da rabo a ciki, kamar zuwa Idi, da gaishe da kakanni, da kai wa maƙwabta abinci. Haka nan wasu iyaye ba sa son 'ya'yansu su ƙera siffar abu mai rai, kuma bai kamata wannan ya zama abin jayayya ba. Irin wannan yaro ya yi katin barka da Sallah da zanen lalle ko dagin Arewa ko adon hula, ya rubuta gaisuwa ga mahaifiyarsa a ciki. Idan kuma akwai yara Kirista a ajin, ki ba su dama su faɗi yadda ake yi a gidajensu, sannan idan Disamba ta zo ki yi irin wannan tsari a kan Kirsimeti kafin a tafi hutu.

Ranar da aka dawo daga hutun Sallah kada ki wuce zuwa sabon darasi. Ki bar kowane rukuni ya faɗi jumla ɗaya a kan abin da ya gani, ki rubuta ta a allo daidai yadda suka faɗa, su kwafa a takarda su yi mata zane. Ki ɗinke takardun wuri ɗaya, ki rubuta sunan ajin da shekarar a bango, ki adana shi cikin leda saboda gara da danshin damina, domin shi ne littafin da za ki fara buɗe wa 'yan aji biyu na baɗi.