Takalmin ƙarfe bai miƙar da ƙafar ba, sai tiyata?

Tambaya: Likita ɗana shekararsa 13, tun yana ƙarami yake sa takalmin ƙarfe amma har yau ƙafar baka ce, yanzu an ce sai aiki. Ko mu ƙara haƙuri?

Amsa: Hajiya sannu da ɗawainiya, amma gaskiya haƙurin ya isa haka. Takalmin nan galibi yaro ɗan ƙasa da shekara 3 yake wa amfani, musamman a cutar Blount, wato lanƙwasar ƙashin ƙwauri daga ƙasan gwiwa, a shekara 13 kuwa ba zai juya ƙashi ba. Kuma jiran yana da tsada, domin akwai wani guringuntsi kusa da gwiwa da ƙashi ke tsawo ta wajensa, yakan rufe wajen shekara 14 ga mata, 16 ga maza. In bai rufe ba aikin ƙarami ne, ɗan farantin ƙarfe ake ɗaurawa da sukuru biyu a gefe ɗaya na guringuntsin, wannan gefen ya dakata ɗayan ya ci gaba da girma, ƙafar ta miƙe da kanta a hankali, bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cire. Don Allah ku koma wajen likitan ƙashi a yi masa hoto yana tsaye, daga ƙugu har idon sawu, a kuma auna jini a ga ko akwai ƙarancin bitamin D.

Tambaya: Ni shekarata 17, gwame gare ni, faranti zai min?

Amsa: Da wuya ɗana, sai hoto ya nuna girman bai ƙare ba. In ya ƙare yanka ƙashin ake yi a daidaita shi a ɗaure da ƙarfe, ko a sa zobban Ilizarov, wato zobban ƙarfe da ke riƙe ƙashin ta waje, ana juya sukurorinsu kaɗan-kaɗan kullum. Ƙashin na ɗaukar sati 6 zuwa 12 kafin ya haɗe, za ka yi tafiya da sanduna, sannan gashin ƙashi, wanda ba na son ka yi wasa da shi ko kaɗan.

Tambaya: Lanƙwasar ƙafar za ta iya dawowa bayan aiki?

Amsa: Eh Malam yana faruwa, musamman in yaron na da sauran girma ko ƙiba sosai, shi ya sa ake bibiya har girma ya tsaya. In kuma bayan aiki ciwo ya tsananta, ƙafa ta kumbura ko ya kasa ɗaga yatsu, a kai shi asibiti a take, kar a jira ranar da aka ba ku.