Tambaya da Amsa: Ina son leƙa Napoli amma ana ta tsorata ni

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ina yini, ya aiki. Ni ɗalibi ne, makarantarmu ce ta tura ni wani taro a Rum watan Oktoba, in an gama ina da kwana uku a hannu kafin jirgin dawowa. Tun lokacin da Osimhen ke buga wa Napoli nake burin in ga garin nan da idona, amma duk wanda na faɗa ma sai yace kar in soma, wai garin mafiya ne, waya ma ba za ta kwana a hannuna ba. Sannan ina tsoron in ci alade ban sani ba. Dan Allah ki bani shawara. Ƙaninki daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Ka je abinka. Masu tsorata ka ɗin nan in ka bincika yawancinsu a fim suka san garin. Mafiyar can sunanta Camorra kuma tana nan, ba zan ce maka ƙarya bane, amma harkarta ta ƙwaya ce da kwangila da karɓar kuɗi a hannun masu shaguna, ba ruwanta da ɗalibin da yazo da jakar goyo. Wanda zai dame ka shine ɗan sane da kuma masu fizge a kan babur, to wannan kuwa wanda ya taɓa shiga Kwari ana gobe sallah ai ba sai an koya masa ba. Waya a aljihun gaba, jaka a ƙirji in ka shiga jirgin ƙasa, agogo mai ƙyalli ka bar shi a masauki, kar ka tsaya bakin titi kana latse-latse.

Daga tashar Termini ta Rum jirgin ƙasa mai gudu, Frecciarossa ko Italo, awa ɗaya da 'yan mintuna ya sauke ka Napoli Centrale. Ka sayi tikiti tun yanzu a intanet, in ka bari sai ranar kuɗin ya kan ninka. Akwai na talakawa da ake cewa regionale, yafi araha amma zai ci maka awa biyu zuwa uku, kuma in tikitin takarda ne dole ka tura shi cikin ɗan injin da ke bakin layi ya buga masa hatimi kafin ka hau, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci tararka ko da yanzun nan ka saya, kuma ba ya jin ban sani ba.

Kana fitowa tasha za ka faɗo Piazza Garibaldi, kar gabanka ya faɗi. Hayaniya ce da datti da 'yan tebur, nan ne wurin da yafi muni a ido, amma nan ɗin ne kuma naka yake: mahautan halal, shagunan kebab na 'yan Bangladesh da Pakistan da Maroko, 'yan Senegal da Ghana da 'yan gida Najeriya suna kasa kaya. Masallatai ƙanana suna nan tsakanin wajen da Piazza Mercato, ba hasumiya ba lasifika, ƙofa ce kawai kamar ta shago, sai ka tambayi mai kebab ya nuna maka. Tsallaka titi kuwa sai ka cire tsoro, masu babur ba sa tsayawa, kewaye ka suke. Ni dabarata in laɓe gefen wata tsohuwa 'yar gari, ta taka in taka.

Yanzu maganar abinci, dan ni a ganina nan ne haɗarin gaske ba mafiya ba. Naman da kake gani da ido mai sauƙi ne, duk inda kaga prosciutto, salame, pancetta ko salsiccia ka wuce. Matsalar kitsen alade ne, suna ce masa strutto ko sugna, kuma mutanen Napoli a cikin fulawa suke murza shi yadda muke sa bota. Zuwana na farko na sayi wani abu mai kama da zobe, taralli, da barkono da almon a jiki, ga garɗi ga arha, ina tafe bakin teku ina ta ƙwas ƙwas har na kusa cinye ledar, sai wata 'yar Maroko da muka zauna benci ɗaya ta kalli ledar ta kalle ni tace 'yar'uwa kin san da me ake yin wannan kuwa. Wallahi ranar har dare ina kurkure baki. Haka sfogliatella ɗin nan mai ɓawo sala-sala da kowa ke ɗauka a hoto, ta gargajiya da kitsen ake yi. Babà kuma, wani kek mai laushi, a wata giya mai suna rum ake jiƙa shi. Pizza fritta, soyayyar, yawanci akwai guntayen alade a ciki. Miyar ragù ma haka. Ka haddace tambaya biyu, "c'è maiale?" da "c'è strutto?", ana furta su kamar "ce mayale" da "ce strutto", ba sa jin haushi.

Abinda za ka ci hankali kwance shine pizza margherita, tumatir da cuku da ganyen basil, ko marinara wadda ko cukun babu, tumatir ne da tafarnuwa da mai. Ƙullun pizzar Napoli na asali fulawa ne da ruwa da gishiri da yis kawai. Ka bi layin Via dei Tribunali, duk inda kaga 'yan gari sun yi layi ka bi bayansu. Ga kifi kuma tunda garin bakin teku ne. In kaga an ƙara maka wani abu wai coperto a takardar kuɗi ba cuta bace, kuɗin zama ne, shi yasa kofi a tsaye suke sha.

Kwana ukun ga yadda zan yi da ni ce. Rana ta farko cikin gari a ƙafa: Spaccanapoli, dogon layin da ya raba tsohon gari biyu, sai unguwar Quartieri Spagnoli inda katon zanen Maradona yake a bango. Mutumin nan ya buga musu daga 1984 zuwa 1991 ya ciyo musu kofin Serie A a 1987 da 1990, daga nan basu ƙara ɗagawa ba sai 2023 da Osimhen ya zura ƙwallo 26 ya fi kowa a gasar. Kace kai ɗan Najeriya ne kaga yadda hira za ta ɓarke, koda yake tafiyarsa Galatasaray ta bar wasu da ɗan haushi. Da yamma ka gangara bakin ruwa wajen Castel dell'Ovo.

Rana ta biyu Pompei, kuma wannan ko me za ka fasa kar ka fasa shi. Jirgin Circumvesuviana a tashar Garibaldi da ke ƙasan Napoli Centrale, minti arba'in haka, ka sauka Pompei Scavi. Gari ne guda da dutsen Vesuvio ya yi aman wuta ya binne a shekara ta 79 miladiyya, ga tituna da sawun ƙafar keken doki ya ci dutse, ga gidajen burodi da tandunsu, ga siffar mutane yadda mutuwa ta same su, wani ya dunƙule ya rufe fuska. Ni dai shiru nayi na kasa ɗaukar hoto. Dutsen kuma yana nan tsaye a kanka, rabonsa da aman wuta tun 1944. Ka sa takalmi mai kyau ka riƙe gorar ruwa, akwai famfuna a ciki.

Ta uku ka hau ruwa daga Molo Beverello. Kowa Capri yake cewa amma tsada gare ta, aljihun ɗalibi Procida ya dace da shi, ƙaramin tsibiri na masunta mai gidaje kala-kala. Sai dai Oktoba teku kan yi fushi a soke ƙananan jirage masu gudu, dan haka in washegari jirginka zai tashi daga Rum ka juya lissafin, ka yi tsibiri rana ta biyu.

Fasfo ɗinka ya kasance a jikinka ko yaushe, 'yan sanda suna iya tambaya musamman a tasha, ka ajiye hotonsa a imel ɗinka. Lambar gaggawa 112. Buta kuma ba za ka samu ba, bayin masauki dai akwai bidet, wani ɗan kwami mai famfo na yin tsarki, na waje kuwa sai ka riƙe gorar roba a jaka.