Tambaya da Amsa: Aron Kuru Domin Koya wa Yaro Hawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗa mai shekara 6 wanda son doki ya shiga ransa tun ranar da na kai shi kallon Hawan Daushe. Ba ni da halin sayen doki, amma wani dattijo aminin mahaifina, mai barga a unguwarmu, ya ce zai ara mana kurunsa, wato ɗan gajeren doki, na shekara guda. Ya ba ni zaɓi: ko mu kawo shi gida mu ɗaure, ko mu bar shi a bargarsa ina biyan rabin kuɗin harawa da dusa, yaron yana zuwa hawa tare da jikansa. Wanne ya fi? Kuma idan wani abu ya sami dokin, wa zai ɗauki asarar? Daga wani uba a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka karɓi wannan alheri da hannu biyu, amma shawarata ita ce ka bar kurun a turkensa. Wanda bai taɓa kiwon doki ba yakan ɗauka wahalarsa ta tsaya ga kuɗin abinci, alhali babbar wahalar ita ce lura ta kullum. Doki yana cin kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa a ciyawa da harawa kowace rana, kaɗan-kaɗan ba a lokaci guda ba, yana buƙatar ruwa mai tsabta safe da yamma, ana share masa barga, ana gyara masa kofato bayan kowane mako 6 zuwa 8. Sauya masa abinci farat ɗaya, ko cika masa hatsi don ana son a kyautata masa, yana iya jawo ciwon ciki, wanda yana cikin abubuwan da suka fi kashe dawaki. Ɗan bargar da ya saba da shi zai gane alamar da wuri idan ya ga ya ƙi cin abinci, yana tona ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa ko yana birgima. Kai kuwa mai yiwuwa ba za ka farga ba sai abin ya yi nisa.

Akwai wata riba kuma: yaron da ke zuwa barga yana koyon doki ne gaba ɗayansa. Zai ga yadda ake tunkararsa ta gefen kafaɗa ana yi masa magana, zai san ba a tsayawa a bayansa, zai iya ɗaura ragama kafin ya iya riƙe linzami.

Sai dai kafin ka amsa, ka je ka ga kurun da idonka, domin ƙanƙantar jiki ba ita ce sanyin hali ba. Ka tambayi shekarunsa, ka bar masani ya duba haƙoransa ya tabbatar. Dukushi ɗan shekara biyu ko uku bai dace da mai koyo ba ko kaɗan, tun da shi ma bai gama koyon nasa darasin ba. Wanda ya haura shekara 10, wanda yara suka daɗe suna hawa, shi ake nema, kuma tun da doki yakan kai shekara 25 ko fiye, irin wannan bai tsufa da aiki ba. Ka sa jikan dattijon ya hau a gabanka, ka lura ko yana cizo, ko harbi, ko firgita da ƙarar babur. Ka tuna yawancin dawakin da ake hawa a ƙasar Hausa maza ne da ba a dandaƙe ba, kuma irinsu sukan canza hali da zarar sun ji ƙanshin goɗiya.

Ka kula da kayan hawa sosai. Linzamin gargajiya yana da zafi a bakin doki, hannun yaro kuwa bai da natsuwa, yakan finciko shi idan ya tsorata, dokin ya miƙe tsaye. A watannin farko babba ya riƙe ragama yana tafe a gaba kamar zagi, a fili mai yashi, na minti 15 zuwa 20. A gajarta masa likkafa daidai ƙafarsa, ya sa takalmi rufaffe mai ɗan dunduniya don kada ƙafa ta zarce ta maƙale, sannan ka saya masa hular kwano ta hawan doki wadda ta zauna masa daidai. Na san za a ce iyayenmu ba su sa ba, amma raunin kai ga yaro ba abin gwaji ba ne.

Game da asara, malaman Malikiyya sun yi bayani, kuma yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid: wanda ya ari dabba ba ya biyanta idan ta mutu ko ta nakasa, sai idan ya ƙetare iyaka, kamar ya ɗora mata babban mutum alhali don yaro aka ara masa, ko ya ba wani ita ba da izini ba. Duk da haka, kunyar da ke tsakaninka da aminin mahaifinka ita ce za ta hana ku faɗin abin da ya kamata, kuma daga nan ɓacin rai yake farawa. Ku zauna a gaban shaidu biyu, ku rubuta ranakun da yaron zai hau, da kason da za ka biya a wata, da wanda zai biya likitan dabbobi da maganin tsutsar ciki, da yadda kowannenku zai sanar da ɗan'uwansa idan yana son janyewa. Ka kuma sanar da ɗanka tun yau cewa kurun na dattijon ne, aro aka ba shi, don rabuwar ta zo masa da sauƙi.

Hawan salla kuwa, kada ka yi gaggawarsa a wannan shekarar. Ƙarar bindigogi da tambura da cunkoson jama'a sukan rikita dokin da ya natsu a barga. Sai yaron ya iya tsayar da kurun da juya shi da kansa, kuma mai dokin ya tabbatar maka kurun ya taɓa shiga hawa, sannan ku yi maganar, shi ma da babba riƙe da ragama daga fita har komawa gida.